Alawar da ke aljihun mota

Maman Auta,

Na tafi aiki ba ki tashi ba. Gaskiya da gangan na yi sammako, don ba zan iya faɗin wannan ina kallon idonki ba.

Jiya da muka dawo daga wurin likitan haƙori, rabin magana na gaya miki. Haƙoran Auta biyu na ciki sun yi kogo, ɗaya sai an cire, wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne, ba Inna ce ke ba ta zaƙi ba. Ni ne. Kullum in na ɗauko ta daga makaranta sai in buɗe aljihun mota in ba ta alawa biyu, ta yi ta tsotsa har mu iso gida. Shi ya sa take ture abincin rana. Na ce mata sirrinmu ne.

Ina zaune kika kira Inna kina ta yi mata ƙorafi, na yi gum. Ki yafe mini. Da yamma zan biya gidanta in wanke ta da bakina.

Ƙarfe goma za a cire haƙorin, ki ba Auta abinci kafin ku fita. Ragowar alawar tana kan firij, ki zubar.

Don Allah kada ki yi mata faɗa. Likita ya tambaye ta wa ke ba ta alawa. Kuncinta a kumbure, ta dube ni, ta ce ba kowa. Shekararta shida. Wannan ma ni na koya mata.

Baban Auta