Kwana Ukun da Na Hana Ƙanena Abinci

Zuwa ga Babban Likitan asibitin ma'aikatan ma'adinai na Arlit,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni maƙeri ne a bakin tasha. Ƙara na kawo, amma rabin ƙarar a kaina take.

Ƙanena Iliyasu direba ne a kamfanin haƙar ma'adinai, har ranar da kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallame su. Ya koma sayar da fetur a kwalabe, nan wuta ta kama shi, ƙirji da hannaye biyu.

Na farko, ranka ya daɗe, mun kawo shi wurinku. An wanke, an ɗaure, na gode. Amma da aka ga katinsa na aiki ya mutu, sai aka ce mu tafi Agadez, alhali kowa ya san saboda tawaye mota ba ta fita sai da rakiyar soja. Muka koma gida jiran ayari.

Na biyu, babu wanda ya ce mana uffan game da cikinsa. Da ya fara kumbura, ga zawo, ga zazzaɓi, sai na yi abin da muka gada: ciki in ya ɓaci a bar shi ya huta. Kwana uku na hana shi fura, na hana shi kunu, sai jiƙon tazargade. Yana roƙona, ina daka masa tsawa. Matarsa ta ɓoyo masa koko, na ƙwace na zubar.

Sai a Agadez, ana gobe zai rasu, wata malamar asibiti ta fahimtar da ni cewa babbar ƙuna tana kashe sojojin jiki da ke tsaron hanji, ƙwayoyin cuta su tsallaka cikin jini, kuma yunwa ƙara musu hanya take yi. Ni ina can ina gadin fata, ashe ta ciki ɓarnar take.

Roƙona ɗaya. Ko ba za ku kwantar da marar kati ba, ku sa a gaya wa danginsa, da Hausa ko Tamajak na Buzaye, yadda za su ciyar da shi. Da an gaya mini, wallahi da na bi.

Mahaifiyarmu a Tahoua har yau wuta take tsine wa. Na kasa gaya mata da hannuna a ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya da tausayi, ni kuma ya yafe mini.

Wassalam.
Yayan marigayi, Arlit.