Dardumar Hilkka

Kainuu, 9 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Tuulikki,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ƙafa ce kawai ke damuna, ita ma mun saba.

Na ji abin da kika ce, wai in ruwan tafki bai gyaru ba sai in koma gidan tsofaffi kusa da ke. Gaskiya ya yi ja kamar shayi. Farin dutsen nan da kike nutso ki taɓo kina ƙarama, yanzu ko da tsakar rana ba a ganinsa. Masu katako ne suka sake yashe lambatun fadama don itatuwansu su yi girma, ruɓaɓɓiyar ƙasar duk ta gangaro mana. Ga shi bana sanyi bai kai ya daskarar da ƙasa ba, ruwan sama ya yi ta wanko ta har tsakiyar hunturu.

Amma zai lafa. Rana na buɗewa zan kai dardumar mahaifiyarki Hilkka bakin tafki in wanke, yadda take yi kowace bazara kafin ta rasu. In ta fito fes, ba inda za ni.

Mahaifinki,
Aulis

Kainuu, 2 ga Agusta

Tuulikki 'yata,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin ƙaramin?

Na wanke dardumar. Maƙwabcina Urpo ne ya kama mini, don in ta jiƙe ba na iya ɗaga ta. Yana kallon ruwan ya ce, "Kai tsoho, wanki za ka yi ko rini?" Na ce, "Riƙe gefenka, bakinka ya fi hannunka aiki." Muka goge ta da sabulu, muka ɗauraye. Da muka shanya sai ya daina dariya.

Kin san da tsofaffin kayanmu ta saƙa ta. Farin layin nan na tsakiya daga rigar aurenta ta yanko shi. Tsawon zamanmu tafkin nan yana mayar mata da shi fari. Yanzu ya zama ruwan ƙasa. Na sake wankewa da ruwan kwalba daga kanti, bai fita ba.

Ki gaya wa masu gidan tsofaffin ina zuwa. Abu ɗaya za ki tambayo mini: suna barin mutum ya shimfiɗa tasa darduma? Ki ce musu ba datti ba ne.

Naki mai kewarku,
Aulis