Bahon Tsohuwata Ya Fara Tsikari

Malama, ki taimake ni, an haɗe mini kai a gidana. Ban yi boko ba, autata ce ke rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Shekarar da ruwa ya tafi da gadar kasuwa gwiwoyin matata suka fara ciwo. Likita ya ce ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Na samo wani babban baho na hannu, mai hita da famfo, na kafa a bayan ɗaki kusa da igiyar shanya. Tun daga ranar babu hannun da ya taɓa cikinsa sai nawa. Kowane noti na san ranar da na ɗaura shi. Tabon da ke bakinsa ma jikanmu na fari ne ya yi da haƙori, ga shi yanzu da gemu. In robar famfo ta tsufa, ta tayar keke nake yankawa in sa.

To, akwai wani ɗan makunni a akwatin wutarsa da ya tsiro da rashin kunya. Da ruwa ya fara ɗumi sai ya faɗi, wuta ta ɗauke, tsohuwa na ciki tana rawar sanyi. In ɗaga, ya faɗi. Da na gaji na ɗauko guntun waya na tsallake shi, na huta.

Tun daga nan tsohuwar take jin wani ɗan tsikari a ƙafa, kamar tururuwa na yawo, kuma ta ce gwiwar ta fi sakewa, wai kamar na'urar asibiti. Babban ɗana na jin haka ya tsinke wutar, ya ce masu sayen tsohon ƙarfe su zo su kwashe. Yaron da na koya wa riƙe sukudireba! Ita kuwa kullum tana zaune tana murza gwiwa tana hararata.

Na yi wa auta alkawarin jiran amsarki. Amma washegarin fitowar amsar, da safe zan buɗe cikinsa, in naɗe wayar hitar da roba, in mayar da wuta.

Tsoho Mai Baho

Baba, Allah ya ƙara girma. Ajiye sukudireban nan tukuna.

Tsikarin da Mama ke ji ba magani ba ne, lantarki ne ke zuba cikin ruwan, kuma yana iya tsayar da zuciyar mutum yana zaune. Makunnin da ka ce ba shi da kunya aikinsa ke nan: da ya ji wuta ta ɓalle sai ya yanke ta. Gaskiya yake faɗa maka, ka toshe masa baki. Mai yiwuwa hitar ce ta tsufa ruwa ya shige ta, kuma robar keke ba ta gyara wannan. A nan ɗanka ya yi daidai. Kada wutar ta koma, kada kowa ya sa ko yatsa.

Amma zancen kwashe baho ya yi gaggawa. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya cire wayar da ka sa, ya auna hita da famfo, ya canza abin da ya mutu da sabo irin nasa, ya gwada makunnin a gabanka. Ka tsaya a kansa, ka ba shi tarihin kowane noti, don babu wanda ya san bahon nan kamarka. Wanke matatar ruwan bahon, sauya ruwa da duba yoyo suna nan a hannunka, wuta a kashe, kuma da robar da aka yi dominsa, ba ta keke ba.

Kafin nan, a dafa wa Mama ruwa a zuba a bokiti, kuma likita ya ji labarin tsikarin. Gobe da safe ɗanka za ka kira, ku je neman mai gyaran tare. Don ta yi tsawon rai tana hararar ka ne ka kafa bahon nan, Baba. Allah ya ba ta lafiya, ya bar ku tare.