Baba, Na Yi Magana a Ƙofar Mai Gari

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma sai na rubuta, domin a kan takarda harshena ba ya sarƙewa.

Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Ƙanena Sani yana Gusau, tun da aka yi mana jiha ya samu aikin tuƙi, sai da sallah muke ganinsa. Gero ya yi kyau bana.

Ka tuna gonarmu ta bakin rafi a Karakkai? Damina biyu bayan rasuwarka, maƙwabcinmu Malam Dahiru ya tuge gambar da ka dasa a kan iyaka, ya matso da ita cikin tamu. Ya san abin da yake yi. Sani bai san gonar ba, ni kuma da na san ta, Malam Dahiru ya ɗauka i'ina ba za ta bar ni in buɗe baki ba.

Wa ya nuna masa haka, Baba? Ba kai ba ne? In baƙo ya zo, sai ka ce in koma ciki, Sani ya fito ya gaishe shi. Ko gishiri ba ka taɓa aikena saye ba, wai kada in ɓata wa mai tebur lokaci. Ban taɓa gaya maka ba, amma wallahi abin ya ci mini rai, har na yarda ni rabin mutum ne.

Wata rana a tashar Gusau na tsugunna gaban mai baza littattafai a ƙasa. Na ɗauki wani tsoho marar bango, labarin wani mai irin harshena, wanda ya dinga karatu da ƙarfi shi kaɗai har ya iya tsayawa gaban jama'a. Da ɗan karatuna na firamare na cinye shi sau huɗu, na koma na sayo wasu. In na tashi daga noma, sai in zauna gindin tsamiya in karanta wa jakinmu da ƙarfi. Shi dai bai taɓa ƙarasa mini kalma ba, bai kuma ce in yi sauri ba.

Ranar da mai gari ya kira mu kan maganar gonar, Kawu Isa ya ce in bari ya yi magana a madadina. Na ƙi, na miƙe tsaye. Sunan Dahiru kaɗai ya riƙe ni har wasu suka fara dariya. Ban zauna ba. Na ce kututturen aduwar da ka sare yana nan binne a kan iyakar gaskiya, a je a tona. Aka je aka tona, ga shi nan.

Da hannuna na mayar da gambar wurinta.

I'inar tana nan, ba na kuwa jiran ta tafi. Na yafe maka, Baba, amma ba zan ce ka yi daidai ba. Jikanka Musa, ɗana, ya fara magana, shi ma harshen na kama shi. Jiya da hantsi muka yi baƙi daga Tsafe, shi na tura ya gaishe su. Ya daɗe a kan sallamar. Duk muka tsaya muka jira shi har ya gama.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.

Ɗanka da ka ce ya koma ciki,
Haruna