Katakon Ƙofar Kicin a Bikin Auta

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka da sauƙi. Ya jikin? Ƙafar ta rage kumburi? Ka gaishe da ɗanmu Babba da iyalinsa, Allah ya saka musu da alheri kan jinyarka da suke yi. Na koma rubutu ne don waya ba ta yi mana. Ni ina ta ɗaga murya, kai kana ta "me kika ce", har maƙwabta sun fi ka jin labarin.

Shirin bikin Auta ya kankama, tunda ka hana a ɗaga. Yarinyar nan kai ta ɗauko wajen kafiya. Mai ƙawata zauren biki ta zo da hotunan furannin roba da fitilu, Auta ta duba ta ce ita ba ta son bikinta ya yi kama da na kowa, kayan gidanmu take so. Ta zazzage akwatina ta zaɓi tsofaffin zannuwana, mun yayyanka za a shimfiɗa a kan tebura. Har da koren nan da ka rantse mini ba ya koɗewa. Ya koɗe, ni ma haka. Kofunan shayinmu da suka rasa 'yan'uwansu kuwa ƙasa ta zuba musu ta yi shuka a ciki, kowane tebur da nasa.

Jiya kuma ta sa kafinta ya ɓalle katakon gefen ƙofar kicin, wanda kake jingina yara a jikinsa kana auna tsayinsu da fensir. Wai a gabansa za a yi hotuna. Na buɗe baki zan ce a bari a tambaye ka, sai na ƙyale shi ya ci gaba da aikinsa.

Tana roƙon ka rubuto mata 'yan kalmomi da hannunka. Da rana gidan cike yake da ƙawayenta. In sun watse, ni kaɗai nake zama ina kalmashe bakin zannuwan.

Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Maman yara


Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya ƙarfin jiki? Ina fatan kana cin abinci ba sai an yi ta lallaɓa ka ba.

An yi biki lafiya, an tashi lafiya. Da ka ga zauren da ka ɗauka falonmu ne ya yi girma. Yayarka ta gane zanen da na ɗaura ranar da aka kawo Babba gida daga asibiti yana jariri, ta zauna tana ta shafa shi, abincinta har ya huce.

Kalmominka sun iso a kan lokaci. Auta ta sa an buga su a ƙananan katuna yadda ka rubuta, ba a gyara komai ba, aka ajiye wa kowa a gabansa. Mutane na ta yaba addu'ar. Ni rubutun na tsaya kallo. Ban san hannunka ya fara rawa haka ba, kuma babu wanda ya gaya mini.

Katakon ya tara jama'a. Mahaifin ango, mutum ne mai barkwanci, ya jawo ɗansa ya jingina shi a jiki, ya ari biro ya ja masa layi can sama da na Babba. Ya ce, "To, an shigar da kai gidan, saura ka riƙe amana." Zauren ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, na juya dama zan ce maka ka ga shirme, sai na ga kujerar da Auta ta hana kowa zama a kai. Na gyara mayafina na ci gaba da amsa gaisuwa.

Da za ta tafi ta roƙe ni katakon, na ba ta. Ban yi kuka a gabanta ba, kamar yadda ka ce.

Ka huta lafiya.

Taka,
Maman yara


Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ya kwanan jiki? Na samu amsarka, na karanta har na kusa haddacewa.

Baƙi sun gama tafiya. Na wanke tukwanen aro na mayar, na share tsakar gida, sai aikin ya ƙare mini tun hantsi. Har yanzu hannuna bai koyi girkin mutum ɗaya ba, kullum sai na miƙa wa maƙwabciya ragowa. Auta tana kira, muryarta fes, ni kuma ina ce mata ina nan cikin hidima don kada ta damu.

Ka ce in zauna in kula da gida, kai ka kusa dawowa. Maigida, na matsa wa Babba da tambaya ya faɗa mini gaskiya: likita ya ɗaga aikin tiyatar da za a yi maka, kuma bai sa ranar sallama ba. Kada ka yi masa faɗa, ni na haife shi, na san inda zan taɓa. Ka ce in tsaya sai na ga Auta a ɗakinta, na tsaya. Ban taɓa ƙetare maganarka ba, amma wannan karon ka yi haƙuri. Gida ba ya ciwo, kai ke ciwo.

Na ba maƙwabciya makulli da kajin. Ranar Asabar zan hau motar safe, Babba zai tare ni a tasha. Ya ce gashinka ya taru, ka hana kowa taɓawa. Ka bar shi haka, na sa almakashin a jaka.

Sai na iso.

Matarka,
Maman yara