Ni Na Karya Hannun Mai Shari'a

Inna Ƙaltume, don girman Allah ki taimake ni. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da maganar nan a ciki, ko matata ba ta sani ba.

Direba ne ni a Madina. Ina tuƙa wani likita ɗan ƙasarmu, Dokta Mu'azzam, a unguwar Ƙuba. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a hukuma, iƙamata ta zaman ƙasar da sunansa take. Bara ya ɗauko mahaifiyarsa daga gida, tsohuwa ce mai burin a binne ta a maƙabartar Baƙi'a. Ranar da na je tarbarta a filin jirgi, ina ganin hannunta na dama a shanye na gane ta. Hajiya Zaituna ce, mace ta farko da ta hau kujerar majistare a garinmu. Ni na yi wa hannun nan haka.

Lokacin ina shekara sha tara, ina lodi a tasha. Yayana Bakri ne shugaban 'yan kamasho, ba mai ɗaga masa ido. Ya tattaka wata mai abinci har haƙoranta huɗu suka zube, don ta ƙi shi. Alƙalai biyu maza suka zame daga shari'ar saboda tsoro, Hajiya kuwa ta ɗaure shi shekara uku. Mu 'yan tasha muka ce ina aka taɓa, mace ta ɗaure namiji. Da rana tsaka muka tare motarta a kan gadar kasuwa, ƙarfen kwance taya a hannuna. Na fasa gilashi, ta ɗaga hannu ta kare fuska, na sauke mata. Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan. Na sake ɗagawa, direbanta Usmanu ya faɗa kanta, ƙarfen ya same shi a tsakar ka. Bayan kwana uku ya rasu. Aka kama mutum huɗu, ni na tsere Agadas. Bayan wata biyar na ji wai ta koma kotu, tana rubuta hukunci da hagu.

Yanzu ni nake tura kekenta na marasa lafiya har ƙofar mata ta masallacin Annabi, tana ce mini ɗana. A azumin nan, a haraba, wata mata ta miƙo mata dabino ta karɓa da hagu, matar ta doke mata hannu tana faɗa. Sai Hajiya ta zaro na daman daga hijabi ta nuna mata. A mota ta ba ni labarin da na fi ta sani. Ta ce hannu kam ta yafe tuntuni, amma jinin Usmanu ba nata ba ne balle ta yafe, na 'yarsa Sara ne, wadda ta riƙa har ta aurar.

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Na tsani kaina, wallahi na tsani kaina. Shekaranjiya na sa hannuna a ƙofar mota na buga, yatsu biyu suka karye. Na ce tsautsayi ne. Dokta ya ɗaure, ita ta tofa mini addu'a. In na faɗa, aiki ya tafi, wataƙila kurkuku, ga 'ya'ya uku a gida. In na yi shiru, jikinta kullum ja baya yake. Ko in gudu Jidda in ɓace?

Mai Laifi, Ƙuba.

Ɗan'uwana, farko ka ƙyale hannunka. Yatsunka biyu ba su gyara nata ba, ba su tashi Usmanu ba. Kai ka yi laifin, kai ka yanke wa kanka hukunci, kai ka zartar, ba wanda aka tambaya. Irin shari'ar da kuka yi a kan gada ke nan, kuma ta isa haka. Ka gaya wa likita ba ka ci, a duba ka.

Jidda ma ka cire ta a ranka. Za ka zama ɓoyayye marar takarda, ga tsohon kayan yana nan a kanka.

Tsoronka na gaskiya ne, ba zan raina shi ba. 'Ya'yanka ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, kuma ba zan yi maka alkawarin za a yafe ba. Dokta yana iya sallamarka a ranar. Amma Sara ma 'yar wani ce, ta tashi ba uba, har yau ba ta san wanda ya raba ta da shi ba. Tuba tsakaninka da Allah daban, haƙƙinta daban, kuma ko Hajiya ta ce ba ta da iko a kansa.

Ga abin yi. Matarka za ta fara ji, kada ta tsinta a bakin wani. Ka nemi lauya a gida ya gaya maka abin da doka za ta yi da kai, ka sami malamin da ka yarda da shi ya raka ka. Sannan ku zauna da Hajiya, ɗanta yana wurin saboda lafiyarta. Ka faɗa duka, har bugu na biyu. Ka roƙe ta ta haɗa ka da Sara, abin da Sara ta zaɓa ka karɓa.

Kada ka jira a kai ta Baƙi'a. Shekara talatin da ɗaya shari'ar nan tana buɗe, alƙaliyar kuwa kullum tana zaune a bayanka a mota. Ka juyo ka tsaya a gabanta tun tana iya saurare. Allah Ya jiƙan Usmanu, Ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma Ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Inna Ƙaltume