Ƙwayoyin da Na Musanya

Litinin, 3 ga Maris
Asibiti tun safe, benci ya cinye min ƙugu. An saka mu masu ciwon suga a wani bincike: ƙwayar man kifi, biyu kullum, wata uku. Likitar, sa'ar 'yata ce, ta ce jiki ma yana yin wani abu kamar tsatsa daga ciki, suna so su gani a jini ko man kifi na rage shi. Rabinmu na gaske za a ba, rabi man girki kawai, wai ita kanta ba ta san na wa ne na gaske ba. A raina na ce, ke ce dai ba ki sani ba.

Talata, 4 ga Maris
Na huda ɗaya da allura. Shekara ashirin da biyu ina sayar da mai, hancina ba ya ƙarya. Man masara ne. Ko ƙarni babu.

Alhamis, 6 ga Maris
Tare aka rubuta mu da mai ɗinkin layinmu. Na leƙa shagonta na ce ta kawo kwalbarta in duba mata. Na huda, ƙarni har ƙofa. Na ce ai nata ya fara lalacewa, bari in ba ta nawa. Ƙwayoyin na juye, kowa da kwalbarta mai lambarta. Har da addu'a ta yi min: "Allah ya bar zumunci, Yaya."

Asabar, 22 ga Maris
Gyatsar kifi ta ishe ni. Wata mai saye ta matsa baya, wai ko kifi na koma sayarwa. Gajiya kuwa tana nan inda na bar ta.

Laraba, 9 ga Afrilu
An ɗibi jini. Mai ɗinki sai fara'a, wai yanzu tana taka keken ɗinki har la'asar, duk albarkacina. Da man masara! Ni mai na gasken, matakala biyar sai na nemi bango.
Likitar ta rame. Tana ɗaure min hannu take cewa shekara biyu ta yi tana neman izinin aikin nan, kuma abin da jininmu ya nuna shi za a gaya wa marasa lafiyar da ba za ta taɓa gani ba. "Mama, ku ne idona, ni takarda kawai nake gani."
Na ce hannun ya matse.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Ban sha ba yau. Mantuwa.

Litinin, 14 ga Afrilu
Ƙafata ce ta kai ni asibiti, ba wani abu ba. Tunda na je, sai maganar musanyar ta fito. Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta jawo takardar binciken, ta ja layi a kan lamba biyu, tawa da ta mai ɗinki. Ta ce ko mai ɗinki ta sani? Na ce tukuna.
Gobe zan bi ta shagonta. Akwai zanen da nake so a kalmashe min bakinsa, shi ke nan.